Babu Mai Zuwa Ɗaukar Badi'a

Shafi na 17

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku kaf, har da na masu cewa na cika mugunta tunda na bar baiwar Allah a asibiti. Ba ni na bar ta ba, danginta ne. Masu saurin kuka kuma su nemi wuri su zauna kafin su fara.

*

Ana idar da sallar azahar Badi'a ta ɗaure ƙullin kayanta. Ba wasu kayan kirki ba ne, atamfa biyu ce da hijabi da kofin roba. Ta ɗora ƙullin a kan gado, ta zauna kusa da shi tana kallon ƙofa. Haka take yi duk ranar Lahadi, ranar da ake barin 'yan ziyara su shigo sashen mata na asibitin masu taɓin hankali.

Tun kafin azumi likita ya sallame ta. Da bakinsa ya faɗa mata cewa muryoyin da take ji sun tafi, jikinta ya daina neman kodin, abin da ya rage kawai ta riƙe shan magani.

"Saura abu ɗaya," in ji shi. "Wani naki ya zo ya sa hannu ya tafi da ke."

An yi azumi, an yi salla, ga damina ta sauka har ciyawa ta fito a bayan taga. Babu wanda ya zo.

Tsohuwar da ke gadon gefenta ta leƙo daga cikin mayafi.

"Yau ma tafiyar ce?"

"In sha Allahu, Baba."

"To ki gaishe su."

Ta kwashe da dariya ta koma ta lulluɓe.

Badi'a ba ta ji haushi ba. A gidan nan ta koyi danne haushi. Mai lafiya in ya yi fushi, fushi ya yi. Ita kuwa in ta ɗaga murya, ciwo ne ya dawo. In ta yi kuka, ciwo ne. In ta cika shiru, shi ma ciwo ne. Don haka komai nata sai ta auna shi, har murmushi.

Sista Ladidi, nas ɗin da ke aikin rana, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Badi'a, kin yi baƙi."

"Salama ce?"

"Ita ce. Amma yau ba ita kaɗai ba ce, da namiji ta zo."

Badi'a ta zaro ido. Ta miƙe zumbur ta sunkuci ƙullin.

Sista Ladidi ta riƙe mata hannu.

"Ajiye kayan tukuna."

"Sista, ai zuwa ya yi ya..."

"Na ce ki ajiye. Kuma ki saurare ni da kyau. Duk abin da za a faɗa miki a wajen nan, ki riƙe kanki. Ina kallonki daga teburina, kuma ba don mugunta ba. Kin sha wuya kafin ki kawo inda kike, kar ki bari a mayar da ke baya."

Ta ajiye ƙullin. Ta gyara hijabinta, ta fita baranda.

Salama na zaune a kan benci da kayan cocinta, kular abinci a cinya. Ƙawarta ce a kamfanin ɗinkin buhu na Sharaɗa, kekunan ɗinkinsu ma a jere suke. Ranar da ciwon ya kayar da Badi'a a tsakiyar ma'aikata, tana birgima tana ihu wai injuna na kiran sunanta, kowa ya ja da baya sai Salama. Ita ta cire ɗankwalinta ta rufe mata kai, ita ta tare adaidaita sahu ta kawo ta nan. Tun daga ranar kuma ita kaɗai ke zuwa.

Amma yau idon Badi'a ba a kanta yake ba.

Can jikin ginshiƙi wani mutum na tsaye ya juya rabin baya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hannuwansa sun dafe da sinadarin jima, irin na masu aikin kamfanin fata a Chalawa. Uba ne, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yaya!"

Ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Yaya? Ya aiki? Ya Inna?"

"Lafiya."

"Ya Aina'u?"

Ya ƙara juya mata baya. Aina'u ita ce 'yarta tilo, shekararta shida, ita ce sunan da take kwana da shi take tashi da shi.

Salama ta matsa ta ba shi wuri.

"Malam Uba, zauna mana. Ai ba a tsaye za a yi maganar ba."

"A tsaye zan yi ta. Ke kika matsa. Kullum na tashi daga aiki kina bakin kamfani kina jirana, har abokan aikina sun fara yi min dariya. To ga ni, na zo."

"Na gode, Yaya," Badi'a ta faɗa da sauri, tana tsoron kar ya juya. "Allah ya saka da alheri. Likita ya ce na warke. Wallahi na warke, ko warin abin nan ba na son ji. Ga Sista can ka tambaye ta. Hannu kawai za ka sa a wancan ofishin. Kayana ma a ɗaure suke."

"Ba zan sa ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na'am?"

"Kin ji ni. In na sa, ina zan kai ki?"

"Gida mana, Yaya. Fanshekara, ɗakin Inna."

"Inna ta ce ƙafarki ba za ta sake taka mata gida ba."

Ta saci kallon teburin Sista Ladidi, ta sassauta murya.

"Na san na ba ku kunya. Ba wanke kaina nake yi ba. Ciwon baya ne ya fara, zama a kan keke daga safe har magariba. Wata ta ba ni ta ce in kurɓa zan ji sauƙi. Ban san lokacin da ya fi ƙarfina ba. Amma ciwo ne, Yaya. Likita ya ce ciwo ne kamar hawan jini, ana shan magani a zauna lafiya."

"Kunya?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"Ke a ganinki don kunya ne?"

Ya juya wajen Salama.

"Ba ki faɗa mata ba?"

Salama ta sunkuyar da kai, tana murza murfin kula.

"Likita ya ce a bari sai ta yi ƙarfi."

"To ai ga shi ta yi ƙarfi. Ba ta ce ta warke ba?"

Badi'a ta dubi wannan ta dubi wancan.

"A faɗa min me?"

Salama ta ci gaba da murza murfin kular.

"Salama, a faɗa min me?"

Uba ya matso. Yanzu ne ya dube ta ido cikin ido, idanunsa jajur.

"Ranar da aka kawo ki nan, me kika bari a ɗaki kafin ki fita aiki?"

Ta lumshe ido tana lalube. Kwanakin nan duk sun tsittsinke mata. Ta tuna ba ta barci. Ta tuna ana raɗa mata magana a kunne. Bayan haka babu komai sai ranar da ta farka a gadon asibiti.

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban tuna ba."

"Robar lemo. A kan tabarma, kusa da matashin kai."

Ta buɗe ido da sauri.

Ba ta tuna robar ba, amma ta san yadda take yi. Ta sha rabin lemon, ta juye kwalbar kodin a ciki, ta girgiza, ta rufe, don kar Inna ta gane.

"A'a," ta ce a hankali. "A'a, Yaya."

"Aina'u ta dawo daga makaranta da ƙishirwa."

"Don Allah ka yi shiru."

"Yarinya ta ga lemon uwarta."

"Yaya, don Allah..."

"Ta shanye tas. Ta kwanta a wurin."

Salama ta ajiye kular ta sauko ƙasa ta riƙe kafaɗun Badi'a.

"Malam Uba, ya isa haka."

"Bai isa ba! Ni da na gani da idona wa ya ce min ya isa? Inna ta ɗauka barci take. Har aka yi la'asar yarinya ba ta motsa ba. Ta je tashinta ta ga leɓenta ya canza launi, numfashi sai an sa kunne. Ina cikin aiki aka kira ni. Da takalmina na roba na aiki na zo, na saɓa ta a kafaɗa na fita titi ina gudu. Kanta na lilo a bayana kamar na..."

Ya kasa ƙarasawa. Ya goge fuska da gefen riga.

"Ina kiran sunanta ba ta amsawa. Sai da wani mai mashin ya ji tausayina ya tsaya."

Badi'a ta dafa ƙasa. Ta rarrafa ta kama ƙafar wandonsa.

"Tana raye?"

Ya kawar da kai.

"Yaya, don girman Allah, tana raye?"

"Tana raye!" Salama ta faɗa da ƙarfi tana girgiza ta. "Tana raye, Badi'a. Na je asibitin da kaina, na gan ta. An wanke mata ciki, ta tashi, tana cin abinci, tana wasa. Ki dube ni, ba zan yi miki ƙarya a wannan ba."

Ihun da ya taso wa Badi'a ya isa ya tara asibitin gaba ɗaya. Ta cusa gefen hijabinta a baki ta cije. Ta cije har ta ji ɗanɗanon jini. Hawaye na bin kumatunta, amma ko tari ba ta yi ba. Daga can teburin, Sista Ladidi ta ɗago kai ta ajiye biro.

Badi'a ta gan ta. Ta saki hijabin, ta share fuska, ta gyara zama a kan siminti kamar mai karɓar gaisuwa.

"Kin sani," ta ce da Salama. "Duk zuwan nan da kike yi kin sani. Ina tambayarki ita kina cewa tana gaishe ni."

"Na sani. Ki yafe min. In da na faɗa miki lokacin nan, da ba ki tashi ba."

Badi'a ta gyaɗa kai. Ba ta da ƙarfin da za ta yi fushi da mutum ɗaya da ya rage mata.

"Tana ina yanzu, Yaya? Tana wajen Inna?"

"Tana wajen ubanta."

"Alhassan?"

"Tana da wani uban ne?"

Alhassan tsohon mijinta ne. Tun Aina'u na goye ya sake ta, ya koma aikinsa na kamfanin alewa a Bompai, sai salla-salla yake leƙo yarinyar.

"Har gadon asibiti ya zo ya same mu," in ji Uba. "Likita ya faɗa masa abin da aka samu a cikinta. Da aka sallame ta ya kama hannunta ya tafi. Da wane baki zan hana shi? Cikin satin nan ma zai kai ta Maraɗi wajen uwarsa, can za ta zauna."

"Maraɗi?"

Ta miƙe ba ta sani ba.

"Nijar fa ke nan! Yaya, in ta tsallaka can shi ke nan. Wa zai nuna min ita? Wa zai bar mahaukaciya ta shiga gidansu?"

"Rage murya," Salama ta raɗa mata. "Badi'a, rage murya."

Ta koma ta durƙusa. Ta haɗa tafukanta biyu.

"Yaya, ka ji tsoron Allah ka fitar da ni. Ba sai na je gidan Inna ba. Ko a soro zan kwana. Ko shara zan riƙa yi wa mutane. In gan ta kawai kafin a tafi da ita, in ce ta yafe min. Ko daga nesa ne, ko ta taga."

"Ba ni da inda zan ajiye ki. Ɗaki ɗaya nake da iyalina, kuma matata ta ce ba za ta bar ki kusa da 'ya'yanta ba. Ni ma ban ga laifinta ba."

"Akwai ɗakina," in ji Salama.

Suka dube ta su biyu.

"Ni kaɗai ce a ciki, a Sharaɗa. Katifar ta ishe mu. Da asibitin zai karɓi hannuna da tuni na sa, amma sun ce sai ɗan uwa na jini. Kai ka sa hannun, ni in tafi da ita. Ni zan riƙa ba ta maganin, ni zan riƙa kawo ta ganin likita."

"Mutane su ce me? 'Yar gidanmu a ɗakin haya, ba muharrami?"

"Waɗanne mutanen, Malam Uba? Wa ya taɓa kawo mata ko ruwan leda a cikinsu? In salla kake ji, masallaci na bakin layinmu, ladanin ma shi ke tashina da asuba. Ba za ta rasa ko ɗaya ba."

Uba ya juya musu baya. Ya daɗe a tsaye yana kallon filin asibitin, inda wasu marasa lafiya ke zaune a gindin darbejiya da 'yan uwansu ana ba su abinci a baki. Sannan a hankali ya zauna a bakin bencin, ya dafe kai da hannu biyu.

"Ni na riƙa goya ki a keke ina kai ki makaranta," ya ce, muryarsa a dashe. "Kina ganin daɗi nake ji?"

"Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba. Har yau in na rufe ido nauyin yarinyar nan nake ji a kafaɗata."

Ya ja dogon numfashi.

"Zan sa hannun."

Badi'a ta kifa goshi a ƙasa tana alhamdu lillahi. Salama ta ɗaga hannu sama tana godiya da yarensu.

"Amma da sharaɗi."

"Ko mene ne, Yaya. Na yarda."

"Ba za ki nemi Aina'u ba."

Ta ɗago a hankali.

"Ba za ki je Bompai ba. Ba waya, ba aike. Ki bar ta ta tafi."

"'Yata ce fa."

"Na ce ki bar ta. Hankalinta ya kwanta. Ta daina tambaya."

"Ta daina tambaya?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Aina'u da ba ta barci sai ta riƙe bakin zanenta? Aina'u da ke zama a dokin ƙofa har magariba tana jiran ta sauka daga adaidaita? Yarinyar da ko bayi ta shiga sai ta tsaya tana ƙwanƙwasa mata?

"Ya aka yi ta daina tambaya, Yaya?"

"Yara ne, suna mantuwa."

"Aina'u ba ta mantuwa. Me kuka ce mata?"

Ya kalli ƙasa.

"Ka dube ni, Yaya. Me kuka ce mata?"

"Tashi mu je ofishin kafin in canza shawara."

Ta juya ta miƙa wa Salama hannu.

"Ba ni wayarki."

"Badi'a..."

"Don Allah ba ni. Muryarta kawai zan ji."

Salama ta dubi Uba, ta dubi hannun da ke miƙe a gabanta. Ta zuge jaka ta ba ta.

Uba ya miƙe tsaye.

"Kar ki kira! Wallahi in kika kira na fasa!"

Lambar Alhassan na cikin kanta, ciwo bai goge ta ba. Ta danna, ta ja da baya har ta jingina da bango, ta manna wayar a kunne da hannu biyu. Sista Ladidi ta taso daga teburinta ta nufo su.

Tana ringin.

Tana ringin.

Aka ɗauka.

"Salamu alaikum. Baba yana salla."

Ƙaramar murya ce, siririya, da ɗan tsamin bakin nan na wadda haƙoranta na gaba suka faɗi. Badi'a ta sulale ta zauna.

"Aina'u."

"Na'am. Wace ce?"

"Ni ce, Aina'u. Ummanki ce."

Tana jin numfashin yarinyar, tana jin kukan akuya a can bayanta.

"Aina'u, kina ji na? Umma ce."

"Ba ke ba ce."

"Wallahi ni ce, 'yar albarka. Ba ki gane muryata ba?"

"Ummana ta rasu."

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannunta.

"Wa... wa ya faɗa miki haka?"

"Kawu Uba ne. Ya ce da hannunsa ya kai ta kabari."